Raƙumi, Giwa da Hauya

A wani ƙauye na ƙasar Mallawa, can kudu maso gabashin Damagaram inda kunyoyin gonakin Nijar ke haɗuwa da na Najeriya, akwai wani tsohon malamin makaranta da ya haura shekara saba'in. Har yau mutanen garin Mushe suke ce masa, ko da yake alli ya daɗe da barin hannunsa. A ƙarƙashin gadonsa akwai adakar ƙarfe, a cikinta kuwa, ban da takardun fansho, yana ajiye da abubuwa uku: wata ƴar takarda mai hoton raƙumi wadda ya gada daga mahaifinsa, da kundin awo na kasuwar gyaɗa wanda gara ta ci gefensa, da littafin rubutu irin na ƴan makaranta mai ɗauke da sunayen mutane ɗari biyu da ƴan kai. Wanda ya jera su a kan tabarma zai ga tambaya guda ce suke yi: me ya sa a ƙasar da kusan kashi 80 cikin 100 na mutanenta a karkara suke, manomi bai taɓa samun jam'iyyar da za a ce tasa ce ba?

Mahaifin Mushe manomi ne da damina, ɗan fatauci da rani. Yakan kora jakuna zuwa Maigatari ranar Alhamis, wani lokaci ya zarce Gumel ko Kano. A can kunnensa ya fara jin kalmar sawaba daga bakin ƴan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano cikin watan Agusta na 1950, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Da ya ji an ce a Nijar ma wani tsohon malamin makaranta mai suna Jibo Bakari ya kafa jam'iyya a 1954, wadda daga baya sunan Sawaba ya bi ta, bai tsaya neman dogon bayani ba. Shi dai ya san abin da yake so a sawwaƙe masa. Aikin tilas an soke shi a takarda tun 1946, amma gonar sarki tana nan ana nomanta. Lanho yana nan, dogari yana nan, sikelin ɗan kamfani kuwa shi kaɗai ya san harshen da yake ji. Saboda haka ya karɓi raƙumi, alamar Sawaba, ya juya wa giwar RDA baya.

Mushe ba ya ɓoye wa kansa gaskiya game da wannan jam'iyya da mahaifinsa ya so. Saiwarta ba a gona take ba. Ƙarfinta yana wajen direbobin manyan motoci, da leburori, da maɗinka, da ƴan koli, da ƙananan ma'aikata na birane da garuruwan kasuwa. Ta bakinsu ta shiga ƙauyuka, ranar kasuwa, a bayan mota. Nasarar da ta samu a zaɓen watan Maris na 1957, wadda ta ɗora Jibo Bakari a kan gwamnatin farko ta ƴan ƙasa, ta zo ne bayan ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar da sarakuna ke mara wa baya. Wato ƙuri'ar talakan ƙauye ta ƙofar fada aka shigo da ita. Da aka zo zaɓen raba gardama na ranar 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta ce a'a ga tayin Janar Dagol, Faransa ta turo sabon gwamna, Kolombani, sarakuna da yawa suka sauya sheƙa, ƙofar da aka shigo ta ita aka rufe. Masu cewa i suka tashi da wajen kashi 78 cikin 100. A 1959 aka haramta jam'iyyar.

Abin da ya biyo baya shi ne Mushe ya gani da idonsa. A ƙarshen 1964, lokacin da ƴan Sawaba ɗauke da makamai suka tsallako iyakoki, har da iyakar Najeriya, duk ƙauyen da aka taɓa jin sunan raƙumi a cikinsa ya kwana da ido ɗaya. Mahaifinsa bai taɓa riƙe bindiga ba, amma an san shi. Wani dare ya ɗaure ƴan tsummokaransa ya yi kudu, damina biyu ba a gan shi ba. Kafin ya komo an jinginar da rabin gonar gandu don a biya lanho a ci tuwo. Ranar da ya dawo, bayan sallar isha'i, ya ciro takardar nan daga cikin layar da ya ɗinke ta, ya miƙa wa ɗansa ya ce: "Riƙe, ɗana. Raƙumi ya tafi, giwa ta zauna, amma dukansu a gonarmu suka yi kiwo." Sai da Mushe ya girma ya gane wani abin mamaki a ƙetaren iyaka: a can jam'iyyar da ta ɗauki fartanya ta yi alama da ita, ita ce NPC, ta sarakuna da manyan gari. Kayan aikin manomi ya hau tuta, shi manomin yana ƙasa yana tafi.

Kundin awo kuwa labarinsa ya fi daɗi, shi ya sa ya fi ciwo. A 1962 gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA don ta riƙe cinikin gyaɗa, ta kuma kafa UNCC don bashi da ƙungiyoyin gama-kai. A lokacin gyaɗa, wadda mutanen nan suka fi kira gujiya, ita ce fiye da rabin abin da Nijar ke sayarwa waje, kuma ƙasar Magariya da Matamai na cikin manyan rumbunanta. A wannan yanki ne aka fara aikin wayar da kan mutanen karkara tun farkon shekarun 1960, inda kowane gari ke zaɓen wakilansa a kai su horo na ƴan kwanaki su dawo su tara jama'a. Daga 1966 aka gwada sabon tsari: manoma su riƙe kasuwar gyaɗarsu da kansu, su zaɓi mai awo, su zaɓi magatakarda, in an rufe kasuwa a raba musu rarar kuɗin da ta saura.

Mushe yana saurayi ɗan makaranta aka ɗora shi a kan kundin. Har yanzu in ya rufe ido yana ganin ranar farko. Mai awon manomi ne ɗan garinsu wanda ya yi yaƙi da jahilci. Ya ɗora buhu a sikeli, ya duba, ya ɗaga murya ya faɗi nauyin da Hausa kowa na ji. Wani tsoho da ya shekara talatin yana kai gyaɗa kanti ya matso ya ce a sake. Aka sake, adadin bai canja ba. Tsohon ya juya ya dubi jama'a ya ce: "Ashe abin nan yana jin Hausa!" Aka yi dariya, amma akwai waɗanda ba su yi ba, don sun shiga lissafin abin da ya wuce. Mushe yana ganin a duk rayuwarsa bai taɓa ganin abin da ya yi kusa da jam'iyyar manoma kamar wannan kasuwa ba: an yi zaɓe a fili, an yi hisabi a fili, an tuɓe wanda ya ci amana.

Sai dai sikelin kawai aka bar wa manomi. Farashi a Yamai ake yanke shi. Teburin mai karɓar lanho kuwa ba shi da nisa da teburin mai biya, kuɗi su shiga aljihun dama su fita ta hagu, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Da wakilan ƙauyuka suka fara tambayar da ta wuce zancen taki da iri, suka taɓo haraji da halin wasu masu iko, sai aka tuna musu cewa jam'iyya ɗaya ce a ƙasa, kuma tana da kwamitinta a gari. Daga nan Faransa ta janye farashin alfarma da take sayen gyaɗa da shi, fari na 1973 da 1974 ya zo, cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Mulkin Seyni Kunce, wanda ya hau a ranar 15 ga Afrilu 1974, ya sauke wa talaka nauyin lanho da kuɗin yuraniyom, wannan kuwa ba ƙaramin sawaba ba ne. Ya kuma gina tsarinsa na raya ƙasa a kan samariya da ƙungiyoyin gama-kai. Amma tsani ne da aka kafa don umurni ya sauko, ba safai kuka ke hawa ta kansa ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abu na uku, littafin sunaye, na shekarar 1991 ne. Daga ranar 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba aka yi babban taron ƙasa a Yamai, rediyo na watsa shi. Lokacin Mushe ya daɗe da zama malami, yana cikin ƙungiyar ƙwadago, yana alfahari da abin da ƴan makaranta da ma'aikata suka ƙwato. Hutu ya kawo shi gida, kullum da yamma manoma na dawowa daga gona su kewaye rediyonsa yana fassara musu. Ga muryar ɗalibai, ga ta ma'aikata, ga ta jam'iyyu, ga ta gwamnati. Wata rana wani ƙanen mahaifinsa ya jingine hauya ya ce: "Mushe, duk mun ji. To wane ne namu a ciki?" Ya buɗe baki zai ce ai akwai wakilan karkara a zauren, sai ya tuna sati nawa yana fassara bai juya maganar ko ɗaya daga cikinsu da ta sauya wani abu ba. Ya yi shiru.

Da kaka ta yi ya sayi littafin. Ya bi garuruwa a kan keke, yana zama da magidanta bayan la'asar. Suka yarda kowane gida ya ba da tiya ɗaya ta hatsi a matsayin kuɗin shiga. A shafin farko ya rubuta buƙatu huɗu da Hausa, kamar yadda aka faɗa masa su: kada a bar manomi ya sayar da hatsinsa da arha da kaka ya sake sayensa da tsada da bazara, a rubuta jinginar gona a gaban shaidu don kada jingina ta rikiɗe ta zama saye, a shata burtali a yi masa alama tun kafin shuka, malamin makaranta da malamin asibiti da aka turo ƙauye su zauna a ƙauyen. Mai karatu zai lura babu ɗaya daga cikin huɗun da ta tsufa.

Jam'iyyar ba ta kai ga samun suna ba. Dalilan da suka kashe ta Mushe ya daɗe yana jujjuya su. Doka ta hana jam'iyyar yanki ko ta ƙabila, kuma yana ganin hikimar haka. Amma ma'anarta ita ce sai an nemo mutane daga sassan ƙasa, a cika takardu da Faransanci, a kai su Yamai, tafiyar da ta kusa kilomita 1000. Wa zai biya mota? Hatsin da aka tara, kafin a ankara bazara ta yi, waɗanda suka ba da shi suka dawo suna roƙon a ranta musu, ba kuwa wanda ke da zuciyar hanawa. Rabin masu sunaye a littafin sun tafi ci-rani Kano da Legas tun sanyi bai fita ba. Sannan ga CDS-Rahama ta iso da motoci da makaɗa, ɗan takararta Mahaman Usman ɗan Damagaram ne, mutane suka ce ga namu ya samu. A watan Maris na 1993 ya ci zaɓen shugaban ƙasa, aka yi ta guɗa. Ɗan gari ya rinjayi ɗan sana'a.

Akwai kuma dalilan da suka fi waɗannan zurfi, su ne Mushe bai so ya gani ba a lokacin. Kalmar manomi rumfa ce mai faɗi. Wanda ke jinginar da gona da wanda ke karɓar jingina duka a ƙarƙashinta suke, kuma duka sunayensu na cikin littafin. Da aka zo buƙata ta biyu sai zaman ya yi sanyi. Bafulatanin da ke bin burtalin, wanda buƙata ta uku ta fi shafa, ba a gayyace shi ba. Matan da ke noma gayauna, su sussuka, su daka, su kai ƙuli-ƙuli da mai kasuwa, babu sunan ko ɗaya. Shi kansa mai riƙe da alƙalamin albashi yake ci, ƙwadago yake sawa a yi masa noma. Ya zargi ƴan birni da yin magana da yawun manomi, ga shi ya hau keke ya yi irin tasu. Wannan shi ne abin da har yau ba ya son a taɓo masa, kuma shi ne yake fara faɗa in ya yarda da mutum.

Bayan ya yi ritaya ya karanta yadda abin ya kasance a wasu ƙasashe. A Balgeriya ƙungiyar manoma da aka kafa a 1899 ta kai shugabanta Istamboliski kujerar firaminista a 1919, sojoji suka hamɓarar da shi aka kashe shi a 1923. A Finlan jam'iyyar mutanen karkara ta 1906 ta haifar da Kekonen, wanda ya shugabanci ƙasar daga 1956 har shekara ashirin da biyar. Da mutane suka ƙaura birni sai ta sauya suna a 1965 ta koma jam'iyyar tsakiya, kamar yadda takwararta ta Suwidin ta riga ta yi. Ko a kwanan baya, a Holan, wata ƙaramar jam'iyyar manoma da aka kafa a 2019 ta zo ta ɗaya a dukan larduna 12 na ƙasar a zaɓen watan Maris na 2023. Abin da Mushe ya tsinta a labarin ƙasashen arewacin Turai shi ne jam'iyya ce ta zo daga ƙarshe. Kafin ita manomi ya iya karatu da harshensa, yana da jaridarsa, yana da ƙungiyar da ke sayar masa da madara da hatsi, yana da asusun da ke ba shi bashi, yana kuma da rarar da zai biya kuɗin ƙungiya ba tare da ya taɓa tuwon dare ba. Shi kuwa jinka ya fara ɗaurawa tun bai kafa ginshiƙi ba.

Shekarar 2005 ta ƙara masa darasi. A farkonta gwamnati ta ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi kamar madara da fulawa da sukari. Ƙungiyoyin birane suka haɗa kai, aka rufe kasuwanni da shaguna a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kafin ƙarshen Afrilu an janye mafi yawan harajin. A daminar wannan shekara buhun hatsi ya kai wajen jika 30 a wasu kasuwanni, uwaye suka yi ta jerin gwano da yara a ƙofar cibiyoyin tamowa. Ba wanda ya rufe wata kasuwa saboda su. Mai yunwa a ƙauye warwatse yake, kukansa sai baƙo ya ɗauka ya kai Turai kafin a ji shi a babban birni. Majalisun gundumomi da aka fara zaɓa a 2004 sun kawo hukuma kusa, Mallawa ta samu magajin garinta, Dungas ta rabu da Magariya ta tsaya da kanta a 2011. Amma jerin ƴan takara daga hedkwatar jam'iyyu yake fitowa.

Duk da haka in aka ce masa manomi bai taɓa yin siyasa ba, Mushe yakan ja mutum zuwa bayan gari ya nuna masa gawo. Ana ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya yi tsananin horo ga mai saran gawo. Zamanin Turawa da bayansa itace ya zama na hukuma, manomi ya ga ba shi da riba a renon abin da zai jawo masa tara, sai ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. Daga tsakiyar shekarun 1980, da fari ya sake bugawa kuma hannun hukuma ya sassauta, sai manoman Magariya da Matamai da Mirya suka fara barin tsiron suna yi masa sassabe na gyara, maƙwabci na koyi da maƙwabci. Dokar karkara ta 1993 da dokar gandun daji ta 2004 suka biyo sawu. Binciken da aka yi a 2006 ya ƙiyasta wajen eka miliyan ɗaya, irin ta awon Faransa, da itatuwa suka sake rufewa a wannan yanki, galibinsu gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya ba dabba abinci da rani. Babu tuta, babu taro a Yamai. Amma Mushe yakan ƙara da cewa gawo ba ya yanke farashi, ba ya kuma tashi a majalisa ya ce a dakata.

Yanzu zancen jam'iyya ma ya kau. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da harkokinsu, a 2024 aka rushe majalisun gundumomi, a watan Maris na 2025 aka rushe jam'iyyun baki ɗaya. A ƙauyen Mushe an ji labarin a rediyo, aka ci gaba da gyaran gona. Wannan shirun ya fi komai damunsa, don yana nuna abin da aka rushe bai taɓa zama na masu gonar ba, kuma ba ya nuna cewa buƙatu huɗun nan sun sami mai ɗauka.

Da hutun bara jikarsa da ke karatun aikin gona a jami'a ta zo, ta tarar da shi ya baje kayan adaka. Ta ɗauki littafin ta bi sunayen da yatsa har ƙarshe, ta ce: "Kaka, ina sunan kakata?" Ya ce: "Amarya, kishi ne ya kawo ki?" Ta ce ba wasa take ba. Ta ba shi labarin ƙungiyoyin mata da ke zuba adashi su ranta wa juna, da ƙauyukan da ke kulle hatsi da wake a sito da kaka su karɓi bashi a kansa, su buɗe da bazara lokacin da farashi ya tashi. Ya saurara, ya ga buƙatarsa ta farko ce wasu suka fara biya wa kansu ba tare da sun jira kowa ba. Ya tambaye ta ko da Hausa suke rubuta lissafinsu. Ta ce wasu da Hausa, wasu kuwa har yanzu sai sun nemi ɗan makaranta.

Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya mayar da takardar raƙumi da kundin awo cikin adaka, ya bar littafin a hannunta. Sunayen sun tsaya a tsakiya, sauran shafukan fari fat, shekara talatin da ƴan kai ba a sa musu tawada ba. Ya ce mata in za ta rubuta, ta fara da waɗanda ya tsallake, kuma kada ta rubuta sunan kowa sai mai sunan ya iya karanta shi da kansa.